Sunaye Goma Sha Ɗaya a Bayan Takardar Sallama

Akwai wani dattijo a garinmu na Pruitt Wells da ake kira Odell Branch. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana mataimakin koci a ƙungiyar ƙwallon Amurka ta makarantar sakandarenmu. Manyan koci biyar suka zo suka tafi, shi yana nan, da hularsa da rana ta cinye launinta, da gwiwoyinsa masu ƙara kamar ƙofar tsohon sito duk lokacin da ya miƙe.

Kafin in ci gaba bari in yi ƙorafina, tunda shafin nawa ne. Labarin nan jaridar gunduma ta buga shi, rediyo ta faɗa, an yi hira da kowa har da matar da take sayar da gugguru a bakin ƙofa. Ni kuwa, Lamar Tuttle, da na riƙe sarƙar awo shekara goma sha tara a gefen filin nan, mutumin da ya fi kowa kyan gashin baki a yammacin Texas, ba wanda ya tambaye ni komai. A hoton da aka buga, gwiwar hannuna ce kaɗai ta fito. To yau za ku ji daga bakin mai gwiwar hannun.

Sarƙar da nake riƙewa tsawonta yadi goma, kuma wasan namu duk a kanta yake juyawa. Ana ba ƙungiya yunƙuri huɗu ta ci wannan yadi goma. In ta ci, a ba ta wasu huɗun. In uku suka wuce ba ta kai ba, sai koci ya zaɓa. Ko ya sake gwadawa a na huɗu, in ya kasa abokan hamayya su karɓi ƙwallo a daidai inda aka tsayar da shi. Ko kuma ya sa a doka ta da ƙafa can nesa, ya ba su ita da kansa, amma su faro tafiyarsu daga ƙarshen duniya.

Wannan dokawar ita ce aikin Odell. Shi yake koyar da ita.

Ba aikin da ake tafa wa ba ne. Da mai dokawa ya fito, jama'a sun san an kasa, sai ka ga an miƙe ana tafiya sayen lemo. Odell ya san haka, bai taɓa damuwa ba. Yakan ce shi aikinsa irin na mai gyaran rufin ɗaki ne, ba a tuna shi sai ruwa ya sauko.

Shekara uku da suka wuce aka kawo mana sabon koci, Brantley Voss, daga wajajen Dallas. Shekarunsa talatin da huɗu, haƙora farare, mota sabuwa. A wuyansa yana rataye da wani kati da aka lulluɓe da leda, cike da lambobi. Katin yana faɗa masa abin da ya dace a yi a kowane yunƙuri na huɗu, bisa lissafin dubban wasanni.

Zan yi masa adalci, katin ba ƙarya yake yi ba. Lissafin ya nuna cewa yawancin koci suna dokawa ne saboda tsoron bakin mutane, alhali da sun gwada da sun ci. Da Voss ya tsaya a nan, da ba ni da labarin da zan ba ku.

Amma ranar da aka gabatar da shi a ɗakin taron makaranta, ya ga jama'a sun cika, sai bakinsa ya yi masa daɗi. Ya ce dokawa sallamawa ce. Ya ce muddin shi ne koci a Pruitt Wells, ƙafar yaro ba za ta taɓa ƙwallo a yunƙuri na huɗu ba, ko da kuwa a bakin layin gidanmu ne, inda abokan hamayya suke cin maki. Ɗakin ya ɗauki tafi. Ku fahimce mu: shekara huɗu ba ruwan kirki, auduga ba ta yi ba, banki ya rufe, shagon magani ya koma babban gari. Mutanen da suka gaji da ja da baya, ka zo ka ce musu an daina, ai ko waƙa ka rera musu iyaka ke nan.

Kakar wasa ta farko kuwa abin ya yi. Wasa tara muka ci cikin goma. Aka buga jajayen riguna da rubutu a ƙirji, BA MA DOKAWA. Ni ma na sayi biyu, kuma ba don ina gaban kaina ba, ba wanda ta yi wa kyau kamar ni.

Tun makon farko Odell ya sami Voss a ofis, hula a hannu. Ya roƙi a bar masa minti goma kacal a mako, yara su riƙa tuna yadda ake jeruwa in za a doka.

Voss ya yi dariya ya ce, "Dattijo, ka ji abin da na faɗa a gaban gari. Ko minti ɗaya. Ba a filina ba."

"Koci, wata rana iska za ta..."

"Wata rana sai a kira ka. Kafin nan ga makullin bas, ga bokitin fenti."

Haka Odell ya koma tuƙa yara zuwa wasa, da zana layin fili, da wankin riguna. Voss ya laƙaba masa suna Farfesan Sallama, ƙananan mataimakansa suka ɗauka. In ya wuce da kwandon wanki sai su tambaye shi yaushe za a fara lacca. Shi dai ya taɓa bakin hularsa ya wuce.

A garinmu kowace Alhamis matan cocin Baptist suna ciyar da 'yan wasa, tun kafin a haife ni. Gasasshen naman ƙirjin sa, wake, dankali, shayi mai ƙanƙara. Ƙarfe biyar da rabi yara suke isa, ƙarfe shida ake zuba abinci. Voss ba ya zuwa sai shida ta gota, domin a daidai lokacin yake shirinsa na rediyo, inda yake bayyana wa manoman auduga ma'anar jarumta.

A bayan cocin akwai wani fili da ciyawa ta mutu. Odell ne yake kawo yaran a bas. Sai ya riƙa sauke su ta baya, ya ware goma sha ɗaya, ya duba agogonsa. Minti goma, ba ƙari.

Akwai Efraín Quiroga, ɗan wani mai aiki a injin gurzar auduga, siriri, ba ya magana, amma ƙafarsa ta dama kamar ta alfadari. Akwai wani ƙato mai suna Dewey, wanda Odell ya koya wa cillo ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa har yadi goma sha huɗu, ta faɗa daidai hannun mai dokawa. Sauran tara kowa da wurin tsayuwarsa da mutumin da zai tare. In wasu sun gama makaranta, Odell ya cike gurbinsu da sababbi. Tsohuwar tayar da suke auna saiti da ita daga shagona ta fito, kuma har yau ba wanda ya ce mini na gode.

Matan coci sun sani, ta tagar kicin suke kallo. Fasto ya sani. Yaran sun ɗauke shi tamkar addu'ar da ake yi kafin cin abinci, abin da ake yi ba a kai rahotonsa. Rabin gari ya sani, mai katin ne kaɗai bai sani ba.

Matar Odell, Lorene, ta taɓa tsare shi a gabana a kan maganar. Ta ce shekarunsa sittin da bakwai, likita ya ce a sauya masa gwiwa, yana ta wahalar da kansa a kan abin da ba za a taɓa nema ba. Ya daɗe yana juya kofin kofi a hannunsa, sannan ya ce mata shi ma ya gaji, ba ya musu. Amma in ranar ta zo aka juyo aka kalle shi, ba ya so ya ce wa yara bai shirya su ba.

Kaka ta biyu muka ci shida. Ta uku kuwa, wadda nake ba ku labarinta, da ƙyar muke jan ƙafa.

Ni a gefen baƙi nake tsayawa, can ake ajiye masu sarƙa. Shekara goma sha tara ina shan zagin mutanen wasu garuruwa a kunnena, ba sisi ba kwabo, sai gurasa da tsiren alade da ake ba mu lokacin hutun rabi. Amma wurin yana da amfaninsa, ina jin abin da kociyoyinsu suke faɗa. Sun gama karanta Voss. Sun san a yunƙuri na huɗu zai miƙa wa Dontrell Pugh ƙwallo, yaron da ya fi kowa ƙarfi a ƙungiyarmu, ya ce ya fasa tsakiya. Sai su tara mutum tara a wurin su jira shi. Wani kocin ma na ji yana alfahari cewa makon da za su haɗu da mu hutu yake ba mai cafe ƙwallon dokawa, tunda ba aikin da zai yi.

Yaranmu suka fara gajiya. Masu tsaron gida kullum a bakin layinsu suke fara aiki. Dontrell kowane mako da sabon bandeji. Voss kansa ya rame, haƙoran sun daina fitowa. Ina jin tun tsakiyar kaka ya san akwai wuraren da ya kamata ya doka. Amma duk inda ya juya, a gidan mai, a wurin aski, a coci, maganarsa ce rubuce a ƙirjin mutane tana kallonsa.

Mutum in abu ya cushe masa yakan nemi wanda zai huce a kansa. Ranar Litinin ta makon wasan ƙarshe, Voss ya kira Odell ofis ya miƙa masa takarda. Layi huɗu ne. Makaranta tana godiya da hidimar shekaru, kuma daga ranar da kakar wasa ta ƙare babu gurbinsa. Sa hannun Voss a ƙasa, da wata doguwar jela kamar na ɗan siyasa.

Ya ce ƙungiyar da ba ta dokawa ba ta buƙatar malamin dokawa, kuma zai kawo wani matashi da ya iya kwamfuta.

Odell ya karanta sau biyu, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun ƙirji. Ya tambaya ko a wanke fararen riguna ne don Asabar ko jajaye. Voss ya ce jajaye.

Lissafin a fili yake. Ranar Asabar za mu kara da Ketchum Flat, abokan gabarmu na gado. In muka ci, mun shiga gasar jiha, kaka ta ƙaru da mako ɗaya aƙalla. In aka ci mu, shekara talatin da ɗaya ta Odell ta ƙare da yammacin ranar.

Alhamis ya kai yara bayan coci kamar kullum. Bai faɗa musu komai ba. Lorene ta ce mini da ya dawo gida ya zauna a teburin kicin, ya fito da takardar, ya juya bayanta ya yi ta rubutu da fensir. Ta tambaye shi ko wasiƙar roƙo ce. Ya ce a'a, abin da zai bar wa wanda zai gaje shi ne, in ya ga dama ya karanta.

Wasanmu da Ketchum Flat da rana ake yin sa, ƙarfe biyu, al'ada ce tun lokacin da filin ba shi da fitilu. Ranar iska ta taso daga arewa, mai sanyi, irin wadda take shiga ta hannun riga ta fita ta wuya. Na sa sababbin takalmana na fatar jimina, domin na san masu hoto za su zo.

Ba zan gajiyar da ku da yadda wasan ya gudana ba, ni kaina ya gajiyar da ni. Sau biyar muka gwada a yunƙuri na huɗu, sau ɗaya muka ci. Biyu daga cikin kasawar nan suka zama maki a hannun Ketchum Flat. A rubu'i na uku aka danne gwiwar Dontrell, aka fito da shi a kafaɗar mutum biyu, aka ɗaura masa ƙanƙara. Duk da haka, da taurin kan yaranmu, muka iso ƙarshen wasa muna gaba da maki biyu, ashirin da ɗaya da goma sha tara.

Saura minti ɗaya da daƙiƙa goma. Ƙwallo a hannunmu, amma yadi ashirin da biyu kacal daga layin gidanmu. Iska a bayanmu. Ƙungiyoyin biyu duk sun cinye damarsu ta tsayar da agogo. A yunƙuri na uku yaronmu ya faɗi daf da inda ake nema, alƙali ya ɗaga hannu ya ce a kawo sarƙa.

Muka ruga tsakiyar fili, ni ne riƙe da sandar gaba, wadda ita ce mai muhimmanci, ko da abokin aikina zai yi gardama. Aka ja sarƙa ta miƙe. Alƙali ya durƙusa ya duba, ya ɗaga hannuwansa ya nuna wa jama'a abin da ya rage. Taƙi biyu.

In muka ci taƙi biyun nan wasa ya ƙare. In muka kasa, Ketchum Flat za su karɓi ƙwallo a ƙofar gidanmu, kuma suna da yaron da yake doka ta ya zura tsakanin ƙarafan gola daga nan ido rufe. Maki uku, mun tafi gida.

Jama'armu suka miƙe, mutum dubu da wani abu, rabin su da jar rigar nan, suna buga ƙafa a kan katako suna rera abin da yake rubuce a ƙirjinsu.

Na waiga na kalli Voss. Na ga mutane da yawa a yunƙuri na huɗu, amma ban taɓa ganin fuska irin tasa ba. Ya riƙe katin da hannu biyu yana kallo, kamar wanda aka ba wasiƙa da harshen da bai iya ba.

Alƙali ba ya hura usur a ci gaba sai sarƙa ta koma mazauninta. To a hanyarmu ta komawa, sarƙar nan ta naɗe takalmina. Yadda aka yi ban sani ba. Na sunkuya in kwance ta, ta ƙara naɗewa. Na juya hagu, ta bi ni. Mutum mai shekara hamsin da uku da ciwon baya, ba a yi masa gaggawa.

Abin da ya faru a ɗaya gefen cikin wannan minti biyu, na haɗa shi ne daga bakin mutum uku da suke wurin.

Katin ya ce a gwada. Katin bai san gwiwar Dontrell ba, bai san iska ba, bai san an tare mu sau huɗu a wuri guda ba. Dontrell ya yar da ƙanƙara ya ɗauki hular kwanonsa, ya tako yana ɗingishi ya ce, "Koci, sa ni. Taƙi biyu ne." Voss ya dafa kafaɗarsa. Ya kalli gwiwar, ta kumbura ta kai girman kan jariri. Hannunsa yana kafaɗar yaron, bai tura shi ba, bai kuma janye shi ba.

Odell ya zo ya tsaya a gefensa. Voss bai kalle shi ba, ya yi magana ƙasa-ƙasa kamar da kansa yake.

"Da ina da mai dokawa."

"Kana da shi, Koci."

"Dattijo, ba lokacin wasa ba ne. Ko akwai mai ƙafa, wa zai cillo masa? Wa zai tare masa? Shekara uku ba wanda ya..."

Odell ya zaro takarda daga aljihun ƙirjinsa ya buɗe ya miƙa masa. Sunaye goma sha ɗaya da fensir, kowane da wurin tsayuwarsa da wanda zai tare. A ƙasa an rubuta cewa Dewey yana cillowa sama-sama in hannunsa ya yi sanyi, a sa ya hura shi tukuna.

Voss ya ce, "Yaushe?"

"Kowace Alhamis. Minti goma."

"Na hana ka."

"Ka ce ba a filinka ba, Koci. Bayan coci filin Fasto ne."

Iska ta kaɗa takardar ta juya ta a hannun Voss. Ya ga layi huɗun nan, ya ga sa hannunsa da doguwar jelarsa. Waɗanda suke wurin sun ce ya daɗe yana kallonta, jama'a kuma suna ta rera maganarsa a bayansa.

Ya ce wa Dontrell ya koma ya zauna. Sannan ya ce wa Odell, "Kira su."

A daidai nan, cikin ikon Allah, sarƙa ta saki takalmina. Alƙalin, wanda muka yi makaranta tare, ya ce, "Lamar, shekara goma sha tara ban taɓa ganin sarƙa ta yi wa mutum ƙulli uku ba." Na ce masa ni ma abin ya ɗaure mini kai.

Odell bai karanta sunaye ba, kalma ɗaya ya faɗa. Yara goma sha ɗaya suka fito a guje suka jeru, ba mai tambayar wani inda zai tsaya. Dewey ya hura hannunsa. Efraín ya ja baya yadi goma sha huɗu ya tsaya shi kaɗai.

Waƙar jama'a ta yanke. Sai ihu ya biyo baya, na ɓacin rai, daga mutanenmu. Wani ya cire jar rigarsa ya jefo ta fili. Matan coci ne kaɗai na ga sun tsaya shiru sun riƙe hannun juna.

Kocin Ketchum Flat yana tsaye taku biyu daga inda nake. Ya yi ta daka wa yaransa tsawa cewa yaudara ce, kada kowa ya koma baya, mutumin nan ba ya dokawa, su matso gaba dukkansu. Suka matso. Daga bayan yaransa har ƙarshen fili babu kowa sai ciyawa.

Dewey ya cillo. Ta faɗa hannun Efraín daidai cibiya. Taku biyu, sai na ji ƙarar da na yi shekara uku ban ji daga ƙafar yaronmu ba, kamar an rufe ƙofar mota mai tsada.

Ƙwallon ta hau sama, iska ta karɓe ta. Ta sauka can cikin yankinsu, ta yi tsalle, ba mai cafewa. Ta yi ta gangarawa, yaranmu suna bin ta a hankali kamar masu rakiyar tsohuwa, har ta gaji ta kwanta yadi uku daga layin gidansu.

Yadi saba'in da biyar. Ni na auna da idona, kuma idona bai taɓa kuskure ba.

Saura musu daƙiƙa talatin da uku, ga iska a fuska, ga fili guda a gabansu. Suka yi jifa huɗu, agogo ya ƙare ba su kai ko tsakiya ba. Mutanen da suka gama yi wa Voss ihu su ne suka tsallako shinge suna rungumarsa. Wanda ya jefo rigarsa na gan shi yana nemanta a ƙasa.

Mai rediyo ya kafa wa Voss makirufo, ya kuma shimfiɗa masa hanya mai laushi. Ya ce ashe dabara ce, shekara uku yana ruɗar jihar nan duka domin rana irin ta yau. Gaskiya in faɗa muku, da ni ne da na amsa, har in ƙara da cewa tun ina yaro na tsara.

Voss ya girgiza kai. Sannan ya ce, "A'a. Minti biyar da suka wuce ban san ina da masu dokawa ba. Na cika baki ne, wani ya rufa mini asiri. Ku tambayi Koci Branch."

Aka nemi Koci Branch ba a gan shi ba. Yana ɗakin wanki yana ware riguna.

Lahadi ta wuce, Litinin ta wuce, ba wanda ya ce wa Odell komai game da takardar. Shi ma bai tambaya ba. Ya ɗauka mako guda aka ƙara masa, shi ke nan.

Ranar Alhamis aka ce masa kada ya damu da bas, wani zai kawo yara. Ya tuƙa tsohuwar motarsa zuwa bayan coci ƙarfe biyar da rabi, ya sauke buhun ƙwallaye, ya gyara tayar nan tawa. Ba kowa. Ya jira minti goma, ya ƙara biyar. Ya ɗauka an hana ke nan, wannan karon har da filin Fasto. Ya zauna a bayan mota ya miƙe ƙafar da ta fi ciwo.

A haka na same shi. Ni aka aiko, da girmana da gashin bakina, kamar ba a da waya a garin. Na ce ya taso ana nemansa a makaranta. Ya ce in makullin bas ne ai yana kan ƙusa. Na ce ya dai taso.

Muka tarar da ƙungiyar duka a tsakiyar babban fili. Goma sha ɗayan nan sun jeru, sauran sun durƙusa a gefe, har da ƙananan mataimakan nan masu tambayar lacca, kowa da littafin rubutu. Voss ya tako ya cire usur daga wuyansa ya miƙa.

"Minti goma naka ne, Koci. In bai isa ba ka ƙara."

Odell bai karɓa nan take ba. Ya kalli katin da yake ƙirjin Voss. An manna takardar nan a jikinsa da salatif, sunayen suna kallon waje.

Ya ce, "Takardata ce wannan. Lorene tana so ta ajiye."

"Ba zan iya ba ka ba. Ina buƙatar abin da yake bayanta."

"Gabanta fa?"

Voss ya duba katin, ya ɗan ja gefen salatif ɗin, ya manne gam. Ya ce, "Ni ban ga tana da gaba ba."

Odell ya karɓi usur ɗin. Ya duba agogonsa, ya ce wa Dewey ya hura hannunsa.

Kada ku zaci kofin jiha muka ɗauko. Mako na gaba wata makaranta daga kudu ta lallasa mu talatin da biyar da goma sha huɗu. Sau shida muka doka a ranar, sau uku muka gwada a na huɗu, biyu suka yi. Ruwa har yanzu bai sauka ba, banki bai dawo ba. An yi wa Odell aikin gwiwa a watan Janairu, kuma jiya na gan shi a fili da sanda a hannu yana yi wa wani sabon yaro faɗa a kan yadda yake sakin ƙwallo. Rigunana biyu kuwa da su nake goge taya a shago.

Darasi: Ba kowane ja da baya ne tsoro ba, wani lokaci shi ne hankali. Kada ka rantse a gaban jama'a cewa ba za ka taɓa yin abu ba, domin ranar da ka buƙace shi bakinka ne zai tsare maka hanya. Kada kuma ka wulaƙanta mutumin da yake haƙuri yana tanadar abin da kake ganin ba shi da amfani, wataƙila shi ne zai fitar da kai kunya da takardar da ka kore shi da ita. Ku tura wa wani mai cika baki da kuka sani, ku tura wa wani Odell da yake aiki ba a gode masa. In kun tura, ku ambaci sunana, a wannan karon dai kada a tsaya a gwiwar hannu.